Wata biyu a kotun Naruhodo: kundin buga Gyakuten Saiban da Japananci

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Yau na fara abin da na shekara ina cewa gobe. Na sauke wasan Gyakuten Saiban a kwamfutata, na shiga saiti na mayar da harshen Japananci, na yi wa kaina alkawarin ba zan leƙa Turancin ba ko da kotun za ta cinye ni. Shekarata biyu ina koyon harshen nan ni kaɗai, da littafi da waya. Hiragana da katakana, baƙaƙen Japananci masu nuna sauti, sun zauna daram. Kanji kuwa, haruffan da aka aro daga China masu ɗauke da ma'ana, cikin 2,136 da gwamnatin Japan ta ware na amfanin yau da kullum, idan na ce na riƙe 600 ban yi wa kaina ƙarya sosai ba.

Wasan na kamfanin Capcom ne. Ya fara fitowa a Oktoban 2001 a kan na'urar wasa ta Game Boy Advance, Takumi Shu ne ya rubuta shi ya kuma jagoranci aikin. A 2005 aka sake shi a Nintendo DS, aka ƙara masa shari'a ta biyar, aka fassara shi da sunan Phoenix Wright: Ace Attorney. Wanda nake bugawa shi ne kunshin wasanni ukun farko da ya iso kwamfuta a 2019. Sunan nasa na nufin shari'ar da ta juye, wato wadda ake ganin an gama da kai sai reshe ya juye da mujiya. Kai ne lauyan wanda ake tuhuma, wani sabon shiga mai suna Naruhodo Ryuichi. Mai shaida zai zuba bayaninsa jimla-jimla, aikinka ka gano inda maganarsa ta ci karo da hujjar da ke hannunka, ka ɗora masa ita a gaban alƙali. Kuskure biyar, alƙali ya buga guduma, mutuminka ya tafi gidan yari.

Duk wanda ke da niyyar buga wasan ya tsaya a nan, domin zan fasa ƙwai.

Ba a karanta maganganun da murya. Rubutu ne kawai yake fitowa da 'yar ƙararsa, kuma babu ƙananan haruffan nan da ake ɗora wa kanji a littattafan yara don a san yadda ake furta su. Idan harafi ya gagare ni, sai in zana shi da yatsa a ƙamus ɗin waya. Dokar da na kafa wa kaina: ba zan buɗe ƙamus ba sai kalma ta fito sau uku, ko kuma tana cikin bayanin shaida. Na sayi littafin rubutu mai shafi 80 saboda aikin.

Minti goma da farawa na ji kunya. Alƙali ya ga ƙafar sabon lauya tana rawa, sai ya ce bari ya gwada shi, ya tambayi sunan wanda aka kashe. Na zaɓi sunan wanda nake karewa. Hikokunin shi ne wanda ake tuhuma, higaisha shi ne wanda aka cuta, kuma da harafi ɗaya suke farawa, 被. Na ga harafin farko na ce ai na san wannan, na wuce. Uwar ɗakina a wasan, lauya Ayasato Chihiro, ta kalle ni kamar ta kai mini mari. Kalmomi 31 na rubuta yau, ban ma kai ga shaidar farko ba.

Lahadi, 7 ga Janairu

Na gama shari'ar farko. An ce rabin awa take ɗaukar mai jin harshen. Ni awa huɗu ta ɗauke ni.

Kalmomin da komai ya rataya a kansu ba su da yawa. Yusaburu, ka girgiza mai shaida, ka titsiye shi ya ƙara bayani. Tsukitsukeru, ka danna masa hujja a fuska. Sai ihun nan uku da su kaɗai ke da murya: igiari, ban yarda ba, matta, dakata, kurae, wanda asalinsa “ci wannan” ne, mu da mun ce ungo. Uwar su duka ita ce mujun, tufka da warwara. Wasan da katakana yake rubuta ta, amma da na duba ƙamus na ga haruffanta biyu ne, mashi da garkuwa. Wai wani ɗan kasuwa ne a tsohuwar China yake tallar mashin da babu abin da ba ya hudawa, yana kuma tallar garkuwar da babu abin da ke huda ta. Wani ɗan kallo ya ce to a soki garkuwar da mashin a gani. Ɗan kasuwa ya yi tsuru-tsuru. Ban taɓa riƙe wata kalma da sauri irin wannan ba.

Shari'ar kanta: an kashe wata mata da mutum-mutumin wani mai zaman tunani, wanda ashe agogo ne mai faɗin lokaci da baki. Mai shaida ya ce ƙarfe 2 ya ga gawar, rahoton likita ya ce bayan ƙarfe 4 ta mutu. Da aka matsa masa ya ce a talabijin ya ji lokacin. To amma akwai takarda a hannuna mai nuna an yi teiden a gidan, wato an ɗauke wuta. Na yi dariya ni kaɗai. A can, ɗaukewar wuta abu ne da ake rubutawa a takarda har a kai kotu. Ina cikin dariyar tamu ta tafi, na ƙarasa shari'ar da guntun cajin da ya rage.

Bakin zaren shi ne matar ta dawo daga New York jiya-jiya ba ta gyara agogon ba, tazarar awa 14, shi ya sa ƙarfe 4 ya zama ƙarfe 2. Abin ya ɗan tsaya mini a rai, domin ranar 31 ga Yuli aka yi kisan, kuma a lokacin zafi Amurkawa suna tura agogonsu gaba, tazarar ta koma awa 13. Na bar wa marubucin.

Sunaye ma wasa ne. Naruhodo kalma ce da ake faɗa idan an gane magana, kamar mu ce “ashe haka ne”. Abokinsa da ake tuhuma, Yahari, sunansa na nufin “dama na faɗa”. Mai laifin kuwa Yamano Hoshio: a bakin 'yan sandan Japan yama ita ce ƙarar da ake bincike, hoshi shi ne wanda ya aikata. Tun a sunansa aka tona masa asiri.

Asabar, 13 ga Janairu

Shari'a ta biyu, Gyakuten Shimai, ta 'yan'uwa mata. Ban zaci za a kashe Chihiro da wuri haka ba. An same ta a ofis, an rubuta sunan ƙanwarta Mayoi da jini a bayan wani rasit, an kama yarinyar.

Yanzu wasan ya fita daga kotu, ana yawon bincike, kuma a nan na fara jin abin da littafin koyo bai taɓa ba ni ba. Littafi ya koya mini watashi, wato “ni”, na ɗauka an gama. A nan kowa da irin “ni” ɗinsa. Naruhodo boku yake cewa, na saurayi mai ladabi. Yahari ore, na 'yan majalisar bakin titi. Mayoi atashi. Tsohon lauya Hoshikage washi, na dattawa. Ɗan sandan ciki Itonokogiri jibun yake cewa kamar kurtu a gaban oga, kuma kowace jimla sai ya lanƙwasa mata “ssu” a ƙarshe, gutsuren desu, kalmar ladabi da ake rufe jimla da ita, irin na ƙaramin ma'aikaci. Mu “ni” ɗaya gare mu daga sarki har bafade, girmamawarmu tana wajen “ku” da “ranka ya daɗe”. Su kuwa kafin mutum ya faɗi komai ya riga ya gaya maka shekarunsa da matsayin da ya ba kansa. Na gwada rufe sunan mai magana da ɗan yatsa, sau bakwai cikin goma na canka daidai.

Mayoi mai koyon reibai ce, masu kiran ruhin mamaci ya sauka a jikinsu. Bahaushe zai tuna da 'yan bori, sai dai a nan matattu ake kira. Tatsuniya ce, na karɓe ta a haka. Abincin da ta fi so miso ramen, taliya a romon waken suya da aka tsima. An ce a fassarar Turanci sun mayar da labarin Los Angeles, sun mayar da taliyar burodi da nama.

Lahadi, 21 ga Janairu

Jiya da yau Autarmu ta zauna kusa da ni. Tana aji huɗu a jami'a tana karanta shari'a, ta zo hutun ƙarshen mako. Ni ina karantawa ina fassara mata, ita tana cin gyaɗa tana kushe.

Mai gabatar da ƙara ya bayyana, Mitsurugi Reiji, ɗan gaye mai jar kwat da tulin yadi a wuya. Na kama shi dumu-dumu: rahoton binciken gawa ya ce sokushi, mutuwa nan take, to yaushe mamaciya ta sami damar rubutu da jini? Sai kawai ya ɗaga kafaɗa ya ce ai nawa tsohon rahoto ne, an sake bincike jiya, sabon ya ce akwai kanosei, yiwuwar ta rayu 'yan mintoci.

Auta ta ajiye gyaɗar. “Yaya, wannan kotu ce ko tasha? Ya za a yi a sauya rahoto lauyan wanda ake tuhuma bai sani ba?”

“Haka dokar wasan take. Kwana uku kacal ake ba kowace shari'a.”

“To kuma me ya sa kai ne za ka nemo wanda ya yi kisan? Sashe na 36 na tsarin mulkinmu cewa ya yi mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar. Nasu aikin ne, ba naka ba.”

Na ce mata ta rubuta wa Capcom.

Abin da ya fi ci mini rai yau ya faru. Wani mai shaida, attajiri mai cusa Turanci a kowace jimla, sunansa Konaka Masaru, ana rubuta shi 小中大, ƙarami, matsakaici, babba. Ya ba da labarin yadda ya hango kisan daga tagar otal. Na bi jimlolinsa gaba da baya ya fi sau goma, ban ga aibu ba. Na fara jefa hujjoji barkatai irin na mai neman sa'a. Alƙali ya yi ta zaftare ni har ya buga guduma, manyan haruffa biyu suka faɗo a allo, yuzai, mai laifi, aka rufe ƙofar kotu. Na sake, aka sake rufewa.

Karo na uku na ɗauki biro na kwafe jimlolin a littafi harafi bayan harafi. A jimlar da ya ce mamaciyar ta gudu, hannuna ya tsaya. Abin da nake karantawa migi, dama, ashe hidari ne, hagu. 右 da 左. Saman su kusan ɗaya ne, bambancin a ƙasa yake: na dama yana da ɗan akwatin nan da ke nufin baki, na hagu yana da alamar kayan aiki. Sakatariyarsa da ta ba da shaida kafin shi “dama” ta ce. Idan ita daga otal ta ga dama shi kuma ya ga hagu, to ba a otal yake ba, yana cikin ɗakin yana fuskantar taga. Haruffa ne na ajin farko na firamare a Japan, na san su tun watan farko. Idona ne ya ga rabin harafi ya cika sauran da abin da yake tsammani.

Na nuna wa Auta. Ta ce, “To ai mai sauƙi ne, Yaya. Hannun da ke kai loma baki shi ne dama.” Na rubuta shi haka a gefen shafi.

Shekara biyu ina karatu da wannan ɗabi'ar ban sani ba. Idan ina karanta labari a intanet, in na gane kalma shida cikin goma sai in haɗa sauran da ka, in ce na fahimta, kuma babu wanda zai ce mini ƙarya nake. A wasan nan akwai alƙali.

Lahadi, 28 ga Janairu

Na gama ta biyu ranar Alhamis. Babbar hujjar tana ɗaya fuskar rasit ɗin da nake yawo da shi tun farko, ban taɓa tunanin juya shi ba.

Tambayar Auta ta sa na yi 'yan karance-karance. Dokar kwana uku ƙirƙira ce, gudumar ma haka, alƙalan Japan ba sa buga guduma. Amma fargabar da wasan ya ginu a kanta tana da tushe. A Japan fiye da kashi 99 cikin ɗari na waɗanda aka gurfanar kan laifi ana samun su da laifin. Wani ɓangare na dalilin shi ne masu gabatar da ƙara ba sa kai magana kotu sai sun tabbata za su ci. Ana kuma iya tsare mutum har kwana 23 ana yi masa tambayoyi kafin a tuhume shi. Lokacin da wasan ya fito alƙalai kaɗai ke yanke hukunci. Sai a Mayun 2009 aka fara tsarin saiban-in, inda mutanen gari shida ke zama da alƙalai uku a manyan laifuffuka.

A nan na ci karo da kalmar enzai, laifin da aka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba, da sunan Hakamada Iwao. Tsohon ɗan dambe ne da aka kama a 1966 kan kisan mutum huɗu 'yan gida ɗaya a Shizuoka, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968, ya zauna a tsare har 2014. A Oktoban 2023 aka fara sake shari'arsa, yayarsa Hideko mai shekara 90 a lokacin ce ta tsaya masa a kotu. Da na koma wasan na buɗe jakar hujjoji, na daɗe ina kallon abu na farko a ciki, bajon lauya. Irinsa lauyoyin Japan na gaske suke maƙalawa: furen himawari mai bin rana, da ɗan sikeli a tsakiya.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Mako biyu ban taɓa wasan ba, ƙwallo ta ɗauke ni. Jiya Kwaddibuwa ta doke mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, bayan mu muka fara ci. Wannan ma gyakuten ce, sai dai a kanmu ta juye. Na dawo kotu. Na gwada kaina da littafin kalmomi, cikin 214 na manta kusan 60.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Shari'a ta uku ta gajiyar da ni, ba zan ɓoye ba. An kashe wani ɗan wasa a sansanin ɗaukar fim, ana tuhumar jarumin wani shirin yara mai suna Tonosaman. Tonosama shi ne ubangidan ƙasa a zamanin samurai, abokin gabarsa kuma Akudaikan, azzalumin hakimi, irin wanda ba a rasawa a wasannin tarihi na talabijin ɗinsu. Yawon binciken ya yi yawa: je ka can, dawo nan, nuna wa wane kaza, koma can. Na yi kwana biyu ina zagaye saboda ban lura akwai wani ɗan abu da ban taɓa ba.

Harshen ne ya riƙe ni. Akwai wata tsohuwa mai gadi, Oba Kaoru, kowa na ce mata Obachan, wato gwaggo. Idan ta fusata rubutun da kansa yake gudu ba ya jiran ka danna komai, sai na ɗauki allon a bidiyo da waya na riƙa tsayarwa. Da na gama wahalar na tarar ƙorafi ne kawai kan 'yan zamani. Daraktan shirin kuma yana magana irin ta 'yan intanet na wancan lokacin, yana manna harafin “dariya” ko “gumi” a ƙarshen jimla. Sai gardamar Mayoi da Naruhodo kan tsani: ita ta ce hashigo, shi ya ce a'a kyatatsu ne, mai ƙafa biyu da ke tsayawa da kansa. Mu duka tsani muke cewa, don haka ina bayan Mayoi.

A ƙarshe Mitsurugi ya ba ni mamaki. Mai laifi na shirin sulalewa, ni na ƙare hujja, sai shi ya yi ihun igiari, alƙali ya tambaye shi dalili ya kama in-ina. Ya taimaki abokin karawarsa, shi kansa bai san yadda zai bayyana ba.

Asabar, 2 ga Maris

Ta huɗu, Gyakuten, soshite Sayonara. Daren jajibirin Kirsimeti, mutum biyu a kwalekwale a tsakiyar tafkin Hyotan cikin hazo, ƙarar bindiga, ɗaya ya faɗa ruwa. Wanda aka kama Mitsurugi ne, kuma babu lauyan da ya yarda ya kare shi.

Na haɗu da Osawagi Natsumi, mai ɗaukar hoto da ta kafa kyamara tana jiran dodon tafki. Jimlarta ta farko na ɗauka na manta Japanancin gaba ɗaya. Ashe karin harshen Kansai take yi, na su Osaka. “Ni” ɗinta uchi. Inda littafi ya ce “da” a ƙarshen jimla, ita “ya” take cewa. Inda ake kore magana da nai, ita hen. Honma gaskiya, akan ba zai yiwu ba. Kamar Bakano ne da ya koyi Hausarsa a littafi aka sauke shi a kasuwar Sakkwato. Abin da ya hana ni yin sakaci da ita shi ne wannan hen ɗin: idan ban gane shi ba, “ban gani ba” zai koma mini “na gani”, kuma shaida take bayarwa. Na ware mata shafi guda.

Akwai wurin da ana cikin magana a gidan tsaro ƙasa ta motsa. Mayoi ta ce jishin, ban buƙaci ƙamus ba, domin tun ranar 1 ga Janairu nake ganin kalmar a labaran girgizar da ta afka wa yankin Noto. Da abin ya lafa sai ga Mitsurugi, mai taƙamar nan, dunƙule a ƙasa yana karkarwa. Shekara 15 da suka wuce girgizar ƙasa ta maƙale shi a lif ɗin kotu tare da mahaifinsa, aka fito da uban gawa. Shi ne ake kira shari'ar DL6, kuma ranar 28 ga Disamba jiko ɗinta ke cika, wa'adin da bayansa ba a iya tuhumar kowa. Wannan ba ƙirƙira ba ce. A 2001 wa'adin kisan kai a Japan shekara 15 ne, daga baya aka mayar da shi 25, a 2010 aka soke shi ga laifin da hukuncinsa ya kai kisa.

Lahadi, 3 ga Maris

Karuma Go. Shekara 40 yana gabatar da ƙara bai taɓa faɗuwa ba, shi ya raini Mitsurugi, shi ne kuma yake neman kai shi ƙasa. “Ni” ɗinsa wagahai, tsohuwar kalma ta masu ji da kai, mutum bai isa ya faɗe ta a titi yau ba a yi masa dariya ba. Yana kaɗa yatsa alƙali ya yi shiru. Muryar igiari ɗinsa kamar daga rijiya.

Yau na rama abin da dama da hagu suka yi mini. An riga an yanke wa Mitsurugi hukunci sai ga Yahari ya faɗo kotu, wai shi ma yana tafkin a daren, ya ji harbi. Shaidarsa shirme ce daga sama har ƙasa, rediyo yake ji a kunne. Na titsiye shi kan abin da mai gabatar da shirin ke cewa lokacin da ya ji ƙarar. Ya ce cewa aka yi Kirsimeti mo sugu.

Na ɗaga hannu daga madannai. Mo sugu, saura kaɗan, an kusa. Kalmar darasi na biyar ko na shida ce, irin wadda idona ya saba tsallakewa don ya kai ga babbar kalmar da ke gaba. Idan saura kaɗan Kirsimeti, to ƙarfe 12 bai yi ba. Sauran shaidu duka bayan sha biyun dare suka ji harbi. Kyamarar Natsumi kuwa, wadda ƙara ke tayar da ita, ta ɗauki hoto biyu: ɗaya 12:15 da kwalekwale, ɗaya 11:50 babu komai sai ruwa. Ashe an yi kisan tun kafin a shiga kwalekwalen. Na gano wannan kafin Naruhodo ya faɗa, ban buɗe ƙamus ba, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na tashi na zagaya ɗaki har Hajiya ta leƙo ta ce, “Kai lafiya?” Na ce, “Lafiya lau, Hajiya, shari'a na ci.” Ta ce Allah ya shirya.

Asabar, 9 ga Maris

Na gama, ƙarfe ɗaya saura na dare.

An kira aku ta ba da shaida. Sunanta Sayuri, ta tsohon mai hayar kwalekwalen da ke nuna ya manta ko shi wane ne. Na yi wa tsuntsuwa tambayoyi da gaske, alƙali yana sauraro da gaske, kuma ita ce mai shaida mafi sauƙin Japananci da na samu a wasan. Sunan nata na budurwar wani ne a takardun DL6, lambar akwatin kuɗin da ta haddace kuma 1228 ce, ranar da abin ya faru.

An wanke Mitsurugi, sai ya miƙe da kansa ya ce shi ya kashe mahaifinsa, shekara 15 yana mafarkin abin. A nan rubutun ya sauya. Jimlolinsa da suka saba zuwa dogaye masu ƙulli, irin su to wa kagiranai, “ba lallai ne ba”, suka koma gutsattsari da ɗigo-ɗigo. Ban san zan iya jin mutum ya karye a harshen da ba nawa ba.

Kalma mafi wuya da na koya a wata biyun nan ita ta rufe shari'ar: senjokon, zanen da cikin bututun bindiga ke bari a jikin harsashi, kowace bindiga da nata. Harsashi biyu aka harba a lif, ɗaya aka samu. Ɗayan yana kafaɗar Karuma ta dama, shekara 15 yana yawo da shi don kada likita ya sani. Na kara masa na'urar gano ƙarfe da Itonokogiri ya ara mana, ta yi kuka. Na duba harafin sau biyu, akwai ɗan bakin a ƙasa.

Sannan haruffan biyu suka faɗo, 無罪, muzai, babu laifi, takardu masu launi suna zuba daga sama. Bayan nan aka tona cewa yen 3,800 ɗin kuɗin abincin makaranta da aka zargi Naruhodo da sacewa yana aji huɗu, abin da ya sa ya zama lauya, Yahari ne ya ɗauke. Dama na faɗa, in ji sunansa. Mayoi ta hau jirgin ƙasa ta koma ƙauyensu.

Lissafi: awa 61, kalmomi 437, an rufe mini ƙofar kotu sau tara, shida daga ciki kafin ƙarshen Janairu. Turanci ban leƙa ba.

Lahadi, 10 ga Maris

An sanar da ganin wata, gobe azumi. Shari'a ta biyar, wadda aka ƙara a 2005, an ce ta fi kowace tsawo, don haka sai bayan Sallah. Na dai buɗe ta minti biyar don in ga fuskar farko. Wata 'yar makaranta ce mai farar rigar ɗakin gwaji, Hozuki Akane, ta zo neman lauyan da zai kare yayarta. Kalmar da ta yi ta maimaitawa na duba, kagaku sosa, binciken laifi ta hanyar kimiyya. Na rubuta ta lamba 438.

Auta ta kira ta ce kada in kuskura in ci gaba sai ta dawo hutu. Na ce ai ke kika ce tasha ce. Ta ce, “Igiari, Yaya,” ta kashe wayar.